Lissafin asusu: wata nawa bashi ke ninka kansa?

Yau za mu taɓo wani karatu da ɗiyanmu ke yi a ajin ƙarshe na lise, wanda ake ce ma logaritim. Kada sunan ya ba ku tsoro, aikinsa na nan kwance cikin littafin bashi na kowace ƙungiya.

A ƙungiyoyi da yawa, in mace ta ɗauki jika goma, tana ɗora jika ɗaya duk wata, wato goma bisa ɗari. Ku tambayi taro: in ba ta biya komai ba, wata nawa bashin zai kai jika ashirin? Galibi za a ce wata goma. Haka ne, in ƙarin na zama gefe guda. Amma in ƙarin da ba a biya ba yana komawa cikin uwar kuɗi, magana ta sake. Wata na farko 11.000. Na biyu ba 12.000 ba ne, 12.100 ne, don jikar da ta shiga ita ma ta haifi dala ashirin. Na uku 13.310, na huɗu 14.641. A wata na bakwai 19.487, na takwas 21.436. In shekara ta zagayo, 31.384 ke nan a madadin 22.000. Ku duba tazarar, ta kusa kai uwar kuɗin kanta.

To wadda ta ci bashi a watan Yuni don sayen iri, damina ba ta yi kyau ba, a Fabrairu ninki biyu ake bin ta, ga rumbu ya fara sauka.

Ga inda karatun yaran ya shigo. Duk wata ana yin kuɗin sau 1,1. Abin da muke nema ba kuɗi ba ne, yawan watanni ne: sau nawa za a maimaita wannan kafin ɗaya ya zama biyu? Rabawa ta yau da kullum ba ta ba da amsa, sai logaritim, dabarar da wani mutumin Sikotilan, John Napier, ya fito da ita a 1614. Ku miƙa ma ɗiyarku ƴar lise na'urar lissafi, ko salula in tana da maɓallin da aka rubuta ln. Ta buga ln 2, a samu 0,693. Ta buga ln 1,1, a samu 0,0953. Ta raba na farko da na biyu, sai ga 7,27. Wata bakwai da ƴan kwanaki, kuma tunda wata-wata muke lissafi, a na takwas ne ya haye.

In babu na'ura, akwai gajeriyar hanya: a raba 72 da yawan ƙarin. Goma bisa ɗari, wata bakwai da ɗan abu. Biyar, wata sha huɗu da ɗan abu. In wani ya zo muku da ashirin bisa ɗari, kafin wata huɗu ya wuce an ninka. Kiyasi ne, amma ya isa mace ta tsaya ta yi tunani kafin ta dangwala hannu.

Wasu za su ce ai asusun namu ne, ribar mu za mu raba. Gaskiya ne, sai dai wadda bashin ya danne ita ma tamu ce, kuma bashin da ya fi ƙarfin mai shi a takarda kawai yake girma, ba ya dawowa akwati. Mu dai a ganinmu, kada ƙari ya hau uwar kuɗi. Ƙungiyoyin da suka bar ƙari gaba ɗaya bisa shawarar malamai, su wannan ciwon kai bai shafe su ba. Saura kuma, a taro mai zuwa magatakarda ta karanto dokar bashi da ƙarfi. In ba a rubuta inda ƙarin da ba a biya ba yake zuwa, a yanke shawara, a rubuta kafin a buɗe akwati.