Jinin Tirkaniya da haƙƙin da ke wuyan hukuma

A watan Afrilun 2020, ana tsakiyar kullen korona, masu cin kasuwar Litinin ta Kakuri suka koma Tirkaniya da kayansu. 'Yan sanda suka zo tarwatsa su, rikici ya kaure, aka buɗe wuta, matasa suka rasa rayukansu. A watan ne Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta bayyana cewa jami'an tsaro sun kashe mutum 18 cikin makonni biyu na kulle, 12 daga cikinsu a jihar Kaduna. Adadin ya zarce na waɗanda cutar ta kashe a Najeriya a lokacin, alhali don kare rai aka kafa dokar.

Lamarin bai tsaya nan ba. An rusa SARS a Oktoban 2020, amma a zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 ƙungiyar Amnesty ta lissafa aƙalla mutum 24 da aka kashe a jihohi shida, har da Kaduna.

Ba mu musun cewa ɗan sanda yana fuskantar haɗari, kuma jifan jami'i laifi ne da muke hana 'ya'yanmu. Sai dai malaman fiƙihu sun daɗe da shimfiɗa ƙa'ida: ana tunkuɗe mai ta'adi da mafi sauƙin abin da zai tsayar da shi. Wanda tsawa za ta kora ba a ɗaga masa sanda, balle bindiga. Mai tumatir da ya karya dokar kulle tara ce hukuncinsa.

Abin da ya fi damun mu shi ne shirun da ke biyo bayan harbi. A shekara ta 8 bayan Hijira, Khalid bin Walid (RA) ya kashe mutanen Banu Jazima bisa kuskuren fahimta. Manzon Allah (SAW) ya barranta daga aikin a bainar jama'a, sannan ya aiki Sayyidina Aliyu (RA) ya biya diyyar mamatan da asarar dukiyarsu. Khalid fa babban kwamanda ne, ba kurtu ba.

Wannan muke nema ga iyalan Kakuri da Tirkaniya: bincike a fili, gurfanar da wanda ya yi harbi, da diyya daga baitulmalin gwamnati. Haƙƙi ne, kada a kira shi tallafi.