Kwanon Kirsimeti a Ƙasar Gumel

Ga hunturu ya sauko, hutun ƙarshen shekara ya gabato, kowa cikinmu ya fara ɗaurin kaya. Kafin mu watse muna so mu yi magana da 'yan'uwanmu ɗalibai da malamai a kan wani abu da muka sani muna yara, muka yi sakaci da shi da muka girma, watau kwanon Kirsimeti.

Kada wani ya yi mamaki. Mu masu wannan rubutu Musulmi ne, haifaffun ƙasar Gumel, inda Kirista ba su da yawa. Amma akwai su tun da daɗewa. Sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta tashi daga Kano ta bi ta Gagarawa ta isa Nguru cikin 1930, ba gyaɗa kaɗai ta kwasa ba, ta kawo akawuna da ma'aikatan tasha daga Kudu. Bayansu masu kantuna suka biyo, da malaman asibiti, da 'yan sanda. Waɗansu Ibo ne, waɗansu Yarbawa, waɗansu kuwa mutanen Filato ne da kudancin Zariya, waɗanda da Hausa su ke addu'arsu, gama tun 1932 aka buga musu Littafi Mai Tsarki da Hausa.

To, muna yara, wajen lokacin da aka yanke Jigawa daga Kano cikin 1991, ba mu san kome ba game da ranar 25 ga Disamba sai abu uku: an rufe makaranta, ana sanyi, kuma shinkafa na tafe. Tun jajibere maƙwabcinmu ya kan jawo akuyarsa har ƙofar gidanmu, ya yi sallama, ya ce, "Baba, a taimaka a yanka mana." Mahaifinmu ya kan fito da wuƙa, ya fuskanci gabas, ya yi bisimilla. A lokacin mun ɗauka mutumin tsoron jini ya ke yi. Sai da muka yi hankali muka gane ashe domin mu ya ke yin haka, don kada kwanonsa ya shigo gidanmu a yi shakkar naman da ke ciki.

Da hantsi sai ga 'yarsa cikin sabon kaya, da langa a ka, an rufe da tsumma mai tsabta: shinkafa da miya ja wur, nama a bisa, da cincin cikin wani ɗan kwano. Kai, mun sha kai da kawowa a soro muna jiran wannan yarinya! Mahaifiyarmu ta kan juye, ta wanke langar, ta zuba gyaɗa ko ƙwan zabi, ta ba yarinyar tukuici, gama a wurinta abin kunya ne kwano ya koma wofi. Ran Babbar Salla kuwa mu a kan aika da soyayyen naman layya, matar gidan ta ce, "A gai da Hajiya, Allah ya maimaita mana." Cikin shekarar 2000 Ƙaramar Salla ta zo kwana biyu ko uku bayan Kirsimeti, har kwanuka suka rikice a unguwa, aka yi mako ana cigiyar murfi. Irin wannan haɗuwa ba ta faye zuwa ba, domin Salla tana bin wata, tana matsowa da kamar kwana goma sha ɗaya kowace shekara, sai bayan shekara talatin da 'yan kai ta ke kewayowa.

Da muka girma muka ga Kirsimeti ta wata fuska. Duk wanda ya taɓa shiga karar Maigatari ran Alhamis cikin watan Disamba ya sani. Shanu da awaki da raguna, na gida da na ƙasar Nijar, ana ta loda su cikin manyan motoci za a yi Kudu da su. Dillali na samu, mai kiwo na samu, haka mai lodi da mai tuwo a bakin kasuwa. Kuɗin makarantar da yawa cikinmu daga bikin nan ya fito, ko mun sani ko ba mu sani ba. Ashe har yanzu muna cin Kirsimeti, sai dai kwanon ne ya daina yawo.

Me ya tsai da shi? Waɗansu su kan ce tsada. Gaskiya ne shinkafa ta yi tsada, amma iyayenmu ba su fi mu wadata ba. Waɗansu su ce tsoro, tun daga fitinar Kaduna ta 2000 da ta Jos ta 2001, wadda ta raba mutane unguwa unguwa, kowa ya koma cikin nasa. Wannan ya fi kusa da gaskiya, ko da ya ke abin takaici ne a ce wutar da aka hura a wani gari ta zo ta raba maƙwabta a namu. Baƙi da yawa yanzu da Disamba ta kama sai su rufe kanti su tafi gida. Amma mu a ganinmu babban dalilin ya fi waɗannan sauƙi: dā mu ne yara, ana aikenmu, yau mu ne masu aike, ba mu kuwa aiki kowa ba.

Bari mu tona wa kanmu asiri. Bayan da aka janye tallafin man fetur cikin 2023 kuɗin mota ya yi tashin da ba kowa ke iya zuwa gida ba. Cikin Disambar shekarar nan akwai wani saurayi mai hidimar ƙasa da aka turo koyarwa wani ƙauye a ƙasar Sule Tankarkar, inda muka yi aiki tare. Ranar Salla ya ɗinka kaftani, ya bi mu gida gida gaisuwa. Ranar bikinsa kuwa muka wuce ta ƙofar ɗakinsa sau biyu, ba wanda ya tuna. Da aka koma makaranta muka tambaye shi yadda ya yi hutu, ya yi murmushi ya ce, "Malam, lafiya lau, na jiƙa gari na sha." Bai yi ƙorafi ba. Mu dai mun rasa inda za mu sa fuskarmu. Yaron nan ya gama shekararsa ya koma garinsu, kuma duk wanda ya tambaye shi labarin Arewa, abin da ya gani shi zai faɗa.

Mun san akwai mai cewa, ai bikin wani addini ne, ina ruwanmu? Ba mu kira kowa zuwa coci ba. Zancen taya murna da cin abincin ranar malamai sun yi saɓani a kai, mu kuwa ba masu fatawa ba ne, kowa ya bi malaminsa. Amma ba mu taɓa jin malamin da ya hana a leƙa baƙo a tambayi lafiyarsa ba, ko a aika masa da tuwo ran da ya ke cikin kewar gida. Haƙƙin maƙwabci tun a makarantar allo aka koya mana shi, ba a kuwa ce sai maƙwabcin da muke salla tare ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da karɓar kwano ba, ai ba abin da ya hana shi aikawa.

Mu da za mu zama malamai abin ya fi hawa kanmu, domin a ƙauye malami ake kallo. In yara sun ga ɗan malam ɗauke da kwano ya nufi ɗakin baƙo, gobe ba sai an yi musu darasi a kai ba. Saboda haka muna roƙon shugabannin ɗalibai, kafin a rufe makaranta, su bincika su san waɗanda ba za su sami zuwa gida ba bana, ɗalibai ne ko ma'aikata, su ba da sunayensu ga waɗanda gidajensu ke cikin gari. Mu na Gumel da Maigatari mun riga mun shirya tsakaninmu, mun ɗauki mutum biyu biyu. Saura na Gagarawa da Sule Tankarkar, muna jiran mu ji daga gare su kafin ran Jumma'a.