Wasan kurket: Ba a fafe gora ranar tafiya

A watan Janairun 2025, 'yan matan Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke ƙasar Niyu Zilan da maki biyu kacal a gasar cin kofin duniya ta wasan kurket da aka yi a Malesiya. Abin murna ne ƙwarai, amma a namu ra'ayin bai kamata murna ta rufe mana ido ba, domin har yanzu da sauran aiki a gaban masu dukan ƙwallonmu.

Ga wanda bai san wasan ba, ɗan wasa guda ke jifan ƙwallo, wani ya tare ta da sanda ya doke ta, sannan ya ruga tsakanin turaku biyu masu tazarar yadi 22 yana tara maki, har sai an fitar da shi. Tsakanin ƙasashe iri uku ake bugawa. Akwai Test, wanda Ingila da Ostireliya suka fara a 1877, ana kai kwana biyar ana yin sa. Akwai na yini guda da aka fara a 1971, inda ake yi wa kowane ɓangare jifa 300. Sai T20 mai jifa 120, wanda ake gamawa cikin awa uku da ɗoriya, ƙungiyoyin maza na ƙasashe kuma suka fara karawa a cikinsa a 2005.

Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin bambancin. T20 kamar cin kasuwar mako ne a Jibiya ko Illela: a baje kaya da hantsi, a naɗe kafin magariba, riba ko faɗuwa. Dogon wasa kuwa fatauci ne irin na kakanninmu da ke kora raƙuma daga Kano zuwa Murzuk a ƙasar Fezzan. 'Yan'uwanmu mazauna Jadid a Sabha sun san cewa hamada ba ta son mai gaggawa, sai mai guzuri da haƙuri da ƙarfin jiki.

Ba mu raina gajeren wasa ba. Shi ya buɗe wa ƙananan ƙasashe ƙofa, musamman tun da hukumar kurket ta duniya, ICC, ta amince da T20 na dukkan mambobinta a matsayin wasan ƙasa da ƙasa, na mata daga 2018, na maza daga 2019. Shi ne kuma za a buga a gasar Olamfik ta 2028 a Amurka. To amma yaron da bai san komai ba sai kai wa kowace ƙwallo duka, ran da ya haɗu da gwanayen jifa sai ya rasa tudun dafawa.

Idan mai karatu bai manta ba, samarinmu 'yan ƙasa da shekara 19 sun je gasar duniya a Afirka ta Kudu a 2020, karo na farko ke nan. A wasanninsu na rukuni da Ostireliya da Ingila da West Indies, mai jifa 300 kowanne, ba su kai maki 70 ba ko sau ɗaya. Haka aka fitar da Yuganda kakaf da maki 39 a gasar T20 ta duniya ta 2024. Ashe ko a gajeren wasan, wanda bai iya tsayuwa ba ba zai ci ba.

Tsayuwar nan kuwa da jiki ake yin ta. Mai duka yana sanye da hular kwano da kariyar ƙafa, yana gudu yana dawowa cikin rana. Da zarar gajiya ta kama shi, ƙafa ta yi nauyi, ido ya daina bin ƙwallo, sai kuskure. Shi ya sa Indiya, da duk tarin gwanayenta, ta mai da gwajin juriyar gudu sharaɗin shiga ƙungiyar ƙasa a zamanin da Virat Kohli ke jagorantarta.

Saboda haka muna kira ga hukumar kurket ta Nijeriya da ta yawaita wasannin jifa 300 da na kwana biyu tsakanin makarantu da jihohi, ta kuma kula da abincin 'yan wasa da horonsu duk shekara, ba sai gasa ta ƙarato ba. Ta kuma ƙara waiwayar Arewa, domin wasan ba baƙo ba ne a nan: ɗaliban Kwalejin Katsina, wadda ta zama Barewa a Zariya, sun buga shi tun zamanin Turawa.

Mu ma da namu rabon. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da ke sa kofin ƙwallon ƙafa za su iya saya wa makaranta guda sanduna da ƙwallaye. Afganistan a sansanonin gudun hijira na Pakistan 'ya'yanta suka koyi wasan, ga shi a 2024 ta kai wasan kusa da na ƙarshe a duniya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.