Kansar pankiriyas: Mutanen Gezawa sun fi buƙatar hoton ciki a kan sabon gwajin jini

Tun a 1869 wani likita a Ostireliya, Thomas Ashworth, ya ga ƙwayoyin kansa a jinin mutumin da cutar ta kashe. Ƙwayoyi ne da kan ɓalle daga ƙari su bi jini. A 2004 hukumar FDA ta Amurka ta amince da na'urar CellSearch, mai ƙirga su a jini mililita 7.5, domin masu kansar mama, daga baya aka ƙara ta hanji da ta mafitsarar maza.

Yanzu masu bincike sun juya kan pankiriyas, wato gaɓar da ke kwance a bayan tumbi tana samar da insulin da ruwan narkar da abinci. Sun lura cewa majinyatan da aka samu ƙwayoyin a jininsu sun fi saurin rasuwa, kuma cutar ta fi saurin dawo musu bayan tiyata.

Ci gaba ne, amma kada a kai shi inda bai kai ba. Gwajin yana hasashen yadda ciwon da aka riga aka gano zai kasance ne, ba ya warkarwa, kuma bai zama hanyar gano cutar da wuri ba. Ƙwayoyin ma suna da wuyar kamawa, domin jinin pankiriyas sai ya ratsa hanta, ita kuwa ta tace da yawansu kafin su isa jijiyar hannu.

A Gezawa matsalar tana farawa tun kafin a yi maganar ɗakin gwaji. Idan ƙarin ya fito a kan pankiriyas, yakan toshe hanyar ruwan matsarmama. Ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari-fari, jiki ya kama ƙaiƙayi, mutum ya rame, sau da yawa ba tare da ciwo ba. A Jogana ko Tsamiya Babba sunan wannan ɗaya ne: shawara. Sai a haɗa jiƙo da sassaƙe, a jira. Idan kuma damina ce, wa zai bar gona ya tafi bin layin asibiti saboda ido ya sauya launi?

Makonnin jiran nan su ne ke cinye damar. Ko a ƙasashe masu arziki, kusan majinyaci ɗaya cikin biyar ne kawai ake samu a matakin da tiyata za ta yiwu. Babbar tiyata ce, ana kiranta Whipple, kuma ita ce kaɗai ke ba da fatan warkewa.

Gaskiya ne mafi yawan shawara a Arewa ba kansa ba ce, ciwon hanta ya fi yawa nesa ba kusa ba. To shi ma ai sai da gwaji ake gane shi.

Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano ta sa ƙa'ida mai sauƙi: duk dattijon da ya zo asibitin sha-ka-tafi da rawayar ido da rama, a tura shi Babban Asibitin Gezawa a yi masa gwajin hanta da hoton ciki cikin satin. Idan hoto ya nuna toshewa, a ba shi takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, kuma hukumar KSCHMA ta ɗauki kuɗin hoton CT, domin a nan ne iyalai da dama ke juyawa gida.