Karatun kwamfuta a jami'a: ina ribar mai albasa na Azarori?

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a rumfunan kasuwar Madawa da ofisoshin gwamnati na jihar Tawa, wai yaran da ake turawa jami'a koyon ilimin kwamfuta ba su dawowa da komai sai takarda. Ɗan kasuwa ya ce ya kira ɗaya daga cikinsu ya gyara masa injin buga takardu, ya kasa. Ma'aikacin ofis ya ce yaron unguwa da bai ƙare kwaleji ba ya fi su iya sarrafa waya. Daga nan sai a yanke hukunci cewa shekara uku ta lissafi da zane a kan allo asarar kuɗin iyaye ce da na ƙasa.

Maganar tana da daɗin faɗi a majalisa, amma kuskure ce, kuma masu faɗinta su ne farkon waɗanda za su biya kuɗin kuskuren. Sarrafa na'ura daban, ƙera manhajar da ke cikinta daban. Mutanen Keita sun fi kowa sanin irin wannan bambanci. Tun daga 1984, lokacin da aka soma babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya, dubban talakawa, yawancinsu mata, suka ɗauki duwatsu a ka don tare ruwa da farfaɗo da fako. Kowa na iya jera dutse. Amma madatsar da za ta tsaya wa ruwan kwari a watan Agusta sai da wani ya auna gangare, ya ƙiyasta ƙarfin ruwa, ya san inda za a bar masa mafita. Manhajar da ke riƙe da kuɗin mutane da sunayensu ita ma madatsa ce, ranar ambaliya ake sanin wanda ya gina ta.

Ƙasar nan ba yau ta fara neman masu wannan ilimi ba. Nijar tana cikin ƙasashen da suka kafa Cibiyar Ilimin Kwamfuta ta Afirka a Libarbil, babban birnin Gabon, a 1971. Shekaru da dama jami'ar Yamai, wadda aka sa wa sunan Abdou Moumouni a 1992, ita kaɗai ce jami'ar gwamnati. A 2008 aka buɗe cibiyoyin koyar da fasaha a Tawa da Maraɗi da Damagaram, suka zama jami'o'i a 2010, sannan a 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Yau ɗan Azarori ko ɗan Buza ba sai ya je bakin kogin Kwara ba kafin ya shiga jami'a. Ga ta Tawa nan, mai ɗauke da sunan masanin tarihin Adar, Djibo Hamani, ga ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi. Tambayar da ta dace ƴan kasuwa da ma'aikata su yi ita ce: me ake koyarwa a azuzuwan kwamfuta, kuma ta ina yake taɓa aljihunsu?

A fara da darasin rumbun bayanai, wanda ma'aikacin ofishin komin ya fi kowa buƙata ko da bai san sunansa ba. A 1970 wani masani na kamfanin IBM, Edgar Codd, ya shimfiɗa ƙa'idar da ake bi har gobe: kowane bayani a rubuta shi wuri ɗaya tak, kowane mutum kuma a ba shi alamar da ba ya tarayya da kowa a cikinta. A kan allo abin kamar wasan yara. A rajistar haihuwa kuwa shi ne gaba ɗayan matsalar. Mutum ɗaya, magatakarda uku sun rubuta shi Mahamadou da Mahamane da Mamane. Gari ɗaya yana da Abdu Isa fiye da a ƙirga. Dattawa da yawa takardarsu cewa ta yi an haife su wajajen shekara kaza, babu wata babu rana. Wanda ya koyi rubuta manhaja a intanet cikin wata uku zai ɗauki suna da ranar haihuwa a matsayin shaida, manhajarsa ta yi aiki sarai ranar da aka zo biki buɗe ta. Bayan shekara biyu sai a tarar mutum ɗaya ya zama biyu a jerin masu albashi, ko mutum biyu sun zama ɗaya a jerin masu zaɓe, ko kuma matar mamaci ta yi ta sintiri tsakanin Madawa da Yamai ba ta sami fansho ba don sunan mijinta na takardar aure bai zo daidai da na takardar aiki ba. Ɗalibin da ya zauna ajin nan an tilasta masa yin wannan tunani tun kafin ya rubuta layi ɗaya.

Har haruffa suna da nasu ilimi. Manhajar da ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba tana iya mai da sunan mutum tarkacen alamomi. Tsarin haruffa na duniya da ake kira Unicode ya tanadi waɗannan haruffa, kuma tun 2005 ya karɓi Tifinag, rubutun Abzinawa, waɗanda ke zaune kafaɗa da kafaɗa da Hausawa a Azarori. Tanadin yana nan, sai dai wanda bai san yadda kwamfuta ke ajiye harafi ba ba zai amfana da shi ba.

Na biyu shi ne abin da ya shafi ɗan kasuwa kai tsaye. Albasar Galmi da ake nomawa a fadamar Tarka da ta Majiya tana kaiwa Kumasi da Akara da Abijan, kuɗinta kuma yana dawowa ta waya ko ta kamfanonin aika kuɗi. To, a ɗauka dillali ya danna aikawa, rezo ya yanke a tsakiya. Ina kuɗin suke? Sun fita daga can ba su iso nan ba, ko kuwa ya sake dannawa sun fita sau biyu? Masana sun daɗe da warware wannan da ƙa'ida guda: ciniki ko dai ya kammala ɗungurungum, ko ya koma kamar ba a taɓa fara shi ba, babu rabi da rabi. Yadda ake tabbatar da haka tsakanin na'urori biyu da ke nesa da juna, a kan layin da ba shi da tabbas, darasi ne mai wuya da ake koyarwa a ajin rumbun bayanai da na sadarwa. Jihar Tawa ta riga ta ga amfaninsa. Lokacin ƙarancin abinci na 2010, ƙungiyar agaji ta Concern Worldwide ta raba tallafin kuɗi a ƙauyuka 96 na jihar, wasu daga ciki ta hanyar Zap, tsarin aika kuɗi ta waya na kamfanin Zain na wancan lokaci. Matar da ta karɓi kuɗinta cif a ƙauye ba ta san sunan ƙa'idar ba, amma a kanta abincin ƴaƴanta ya rataya.

Na uku shi ne darasin algorizim, wato tsara matakan warware matsala, kalmar da ta samo asali daga sunan Alkhawarizmi, malamin lissafi na Bagadaza a ƙarni na 9. Misali ɗaya ya isa. Mai neman suna guda cikin jerin mutum miliyan ɗaya, in ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana iya duba miliyan ɗin kaf. In kuwa an jera sunayen bisa tsari, yana raba jerin biyu kowane lokaci yana watsar da rabi, dubawa 20 ta ishe shi. A Turai, inda na'urori ke da ƙarfi kuma wuta ba ta ɗaukewa, rago yana iya ɓoye rashin saninsa a bayan ƙarfin inji. A ƙauyen da ake cajin waya da hasken rana, ake sayen kati da ƴan daloli, babu wurin ɓuya. Ƙasar talakawa ta fi ƙasar masu kuɗi buƙatar mai ƙera manhaja da ya san lissafi.

Wanda ke ganin an zuzuta haɗarin ya dubi abin da ya faru a Ingila. A 1999 hukumar gidan waya ta ƙasar ta soma amfani da manhajar lissafi mai suna Horizon, ƙirar kamfanin Fujitsu. Manhajar ta riƙa nuna giɓin kuɗi a asusun ƙananan ofisoshi alhali babu wanda ya taɓa ko sisi. Tsakanin 1999 da 2015 an hukunta mutum fiye da 900 bisa zargin sata ko maguɗi, wasu sun shiga kurkuku, wasu sun sayar da gidajensu don cike giɓin da babu shi. Sai a 2019 babbar kotu ta tabbatar da cewa manhajar tana da kurakurai, a 2024 kuma majalisa ta yi dokar wanke su. In haka ta faru a ƙasar da ke da lauyoyi da jaridu masu ƙarfi, me zai sami mai karɓar haraji na ƙaramar komin ranar da na'ura ta ce asusunsa ya yi giɓin jikka ɗari biyar? Wa zai yarda da shi ya ƙaryata inji?

Duk da haka, ruwa ba ya tsami banza. Masu ƙorafi suna da tasu gaskiyar, kuma jami'a ba ta da hujjar toshe kunne. Tun a 1968, a wani taro da aka yi a Garmish ta Jamus, masana suka amince cewa sanin ƙa'ida kaɗai ba ya gina manhaja mai aiki. Akwai sana'ar ƙira da gwaji da gyara, wadda sai a bakin aiki ake koyonta. Ɗalibin da ya ƙare karatu bai taɓa zama gaban mai buƙata ya saurare shi ba, bai taɓa gyara abin da wani ya rubuta ba, bai taɓa ganin manhajarsa ta lalace a hannun mutane ba, rabin karatu ya yi. Littafin da aka rubuta a Faransa ba zai gaya masa cewa in manomi ya ce dala ɗari yana nufin sefa 500 ba, ko cewa buhun albasa na kaka da na bazara ba farashinsu ɗaya ba, ko cewa a kasuwannin bakin iyaka ciniki ɗaya yana iya farawa da naira ya ƙare da sefa, ko cewa yawancin bashi a kasuwa amana ce ta baki. Wannan ilimi yana wajen ƴan kasuwa. Inda aka haɗa su biyun kuwa, an ga sakamako: Abdou Maman Kané, ɗan ƙasar nan masanin kwamfuta, ya ƙera tsarin ban ruwa da manomi ke kunnawa da kashewa ta waya daga nesa, wanda ya kai shi ga samun babbar lambar yabo ta Hassan II kan ruwa a 2015.

Saboda haka kowa yana da nasa kason. Jami'o'in Tawa da Maraɗi ya kamata su ɗaure aikin ƙarshe na kowane ɗalibin kwamfuta da wata buƙata ta zahiri: rajistar komin Azarori, littafin ƙungiyar manoman albasa, lissafin magunguna na likitar ƙauye a Buza. A yi aikin ƙungiya ƙungiya, a tattauna da masu shi da Hausa ko Tamajak, kuma kada a ba da maki ranar gabatarwa. A koma bayan wata shida a ga ko manhajar tana raye. Rage darussan ƙa'ida don a faranta wa masu ƙorafi babbar wauta ce, domin manhajojin da ake yayi suna tsufa cikin ƴan shekaru, ƙa'idar Codd kuwa ta haura shekara hamsin tana aiki.

Ƴan kasuwa su ma su daina tsayawa daga nesa suna jifa. Wanda ya hana ɗalibi ganin littafin shagonsa, ya ƙi karɓarsa koyon aiki, sannan ya ba shi kuɗin goro a kan aikin wata uku, ba shi da bakin cewa yaran ba su iya komai ba. Araha ba ta ado. Attajirin da ke biyan direban tirelarsa da kyau don ya san dukiyarsa ce a hannunsa, ya san cewa mai ƙera manhajar lissafinsa dukiyar da ta fi tirela yake riƙe da ita.

Mafi nauyi yana kan mahukunta. Ma'aikata da yawa sun san labarin manhajar da wani shiri na masu ba da agaji ya kawo, ta yi aiki muddin shirin na nan, ya tafi ta mutu, don babu wanda aka bar wa mabuɗinta. Duk kwangilar manhaja da gwamnati za ta sa wa hannu ya kamata ta tilasta miƙa ainihin rubutun manhajar ga ƙasa, da sa ɗaliban jami'o'in cikin gida a aikin tun daga farko. A buɗe wa waɗanda suka ƙare gurabe a gundumomi, kada duk su tare a Yamai. A ba sassan kwamfuta na'urori da wutar da ba ta yankewa, domin ba a koyon iyo a tudu. Ana yawan maganar diyaucin ƙasa a ƴan shekarun nan. Ƙasar da jerin masu zaɓenta da albashin ma'aikatanta da rajistar ƴaƴanta ke cikin akwatin da babu ɗan ƙasa ko ɗaya da ya iya buɗewa, diyaucinta da saura.

Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka zubar da jininsu a gadar Kennedy ta Yamai suna neman a kyautata karatu, kuma wannan jini yana cikin abin da ya kai ga babban taron ƙasa na 1991. Talakan Adar da ya biya harajin da aka gina jami'o'in nan yana da haƙƙin ganin karatun ya sauko kasuwarsa da ofishin komin ɗinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya: rajistoci da kuɗaɗe suna ta komawa cikin na'ura ko an shirya ko ba a shirya ba, kuma yaran da ake yi wa dariya yau su ne za a nema ranar da na'ura ta yi wa wani ƙarya.