Amsa-Kuwwa Ƙirar Gida

A 1944, sa'ad da aka kafa rediyo mai waya a Kano, ƙara sauti aikin manyan na'urori ne masu tsada. Taransista, wadda aka ƙago a Amurka a 1947, ita ta sauƙaƙa al'amarin.

Yau mai gyaran rediyo a Mandawari, muddin ya sami ɗan TDA2003, da tsohuwar lasifika, da dalma, da batirin mota, zai haɗa wadda za ta wadaci aji ko ƙaramin masallaci. Ta waje kuwa, tun faɗuwar Naira a 2023 tsadarta ta ƙaru ƙwarai.

Saboda haka muna roƙon malaman makaranta su kai yara su koyi wannan sana'a. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.