Harajin Albashi: A Wuyan Wa Yake Idan Ubangida Ya Yi Sakaci?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi sunnarsa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, akwai wata mas'ala a garin nan namu na Katsina wadda masu wa'azi ba su cika taɓa ta ba, wataƙila don suna ganin magana ce ta 'yan boko. Ma'aikaci zai shekara uku ko biyar yana aiki a makarantar kuɗi, ko asibiti mai zaman kansa, ko gidan mai, sai ranar da ya buƙaci takardar shaidar biyan haraji don neman takardar mallakar fili ko shiga neman kwangila, a ce masa babu sunansa a wajen Hukumar Tara Kuɗaɗen Shiga ta Jiha. Idan ya koma wajen ubangidansa sai a ce masa ai haraji nasa ne, shi ta shafa. To, a wuyan wa wannan bashi yake?

Ta fuskar dokar ƙasa amsar ba ta da wuya. Dokar harajin kuɗin shiga ta 1993, wadda aka yi wa gyara a 2011, ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata nauyin yanke harajin daga albashi tun kafin ya shiga hannun mai shi, ya kai wa hukumar jihar da ma'aikacin yake zaune zuwa ranar 10 ga watan da ke biye. Sashe na 82 na dokar ya mayar da kuɗin bashi a kan ubangidan idan bai yanke ba, ko ya yanke bai kai ba, tare da tarar kashi 10 cikin ɗari da kuɗin ruwa. Sababbin dokokin da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2025, suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ba su sauke masa wannan nauyi ba, sai ma suka kai tarar rashin yankewa kashi 40 cikin ɗari.

Amma na san inda wasu daga cikinmu za su fake. Za su ce harajin nan ba zakka ba ne, ba kuma shari'a ce ta sanya shi ba. Haƙiƙa mutanen ƙasar nan suna da tsohon miki game da haraji. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah ya jiƙansa, ya lissafa jangali cikin zaluncin sarakunan Haɓe a Kitabul Farƙ, kuma dattawanmu suna tune da murnar da talakawa suka yi a 1979, lokacin da gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta har zuwa 1987. Malamai kuma sun yi saɓani a kan abin da shugaba zai karɓa bayan zakka. Imamul Gazali da Imamush Shaɗibi sun halatta shi da sharuɗɗa masu nauyi, daga ciki har da shugaban ya zama adali kuma baitulmali ya kasa ɗaukar buƙatar jama'a. Ko waɗannan sharuɗɗa sun cika a yau, wannan bahasi ne na daban, kuma mai yin sa yana da abin faɗa. Sai dai duk yadda bahasin ya ƙare, ba zai halatta wa ubangida ya jefa yaronsa cikin rami shi ya tsallake ba.

Mas'alar tana da sura biyu, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Sura ta farko ita ce ya yanke kuɗin, ya rubuta a takardar albashi cewa haraji ne, sannan ya zuba su cikin jarinsa. Wannan babu wani dogon bincike a kansa, ha'inci ne tsagwaronsa. Kuɗin amana ne a hannunsa, kuma Allah ya yi umarni da mayar da amana ga masu ita a aya ta 58 ta Suratun Nisa'i. Idan yana ganin harajin haramun ne, to me ya sa ya yanke? Ya mayar wa mai gumin kuɗinsa mana. Ba a taɓa jin malamin da ya ce dukiyar da ta haramta ga gwamnati ta halatta ga ubangida ba. Mai yin haka ya tauye ladan ɗan ƙodago, kuma hadisin da Imamul Buhari ya ruwaito ya sanya wanda ya ci gajiyar aikin ma'aikaci ya hana shi ladansa cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar alƙiyama.

Sura ta biyu ita ce ta fi buƙatar natsuwa: bai yanke ba tun farko, ya miƙa albashin cif, ko don jahilci ko don gudun wahalar lissafi. A nan sai a duba yadda aka ƙulla yarjejeniyar. A al'adar garin nan, idan Alhaji ya ce wa mutum zai riƙa ba shi kaza a wata, abin da kowa yake fahimta shi ne abin da zai karɓa a hannu ya tafi da shi gida. Malaman fiƙihu kuwa sun ba al'ada sananniya matsayin sharaɗi a cikin ciniki da ijara. Saboda haka, a irin wannan yarjejeniya, harajin gaba ɗaya a kan Alhaji yake. Idan kuwa an rubuta jimillar albashi aka bayyana cewa akwai haraji a ciki, to asalin kuɗin ya shiga aljihun ma'aikaci, kuma abin da nake rinjayarwa shi ne ubangidan ya biya hukuma, sannan ya karɓi asalin kuɗin daga ma'aikacin kaɗan-kaɗan bisa yarda, ba ya kwashe masa albashin wata uku a lokaci guda iyalinsa su kwana da yunwa ba. Amma tara da kuɗin ruwa, ko sisin kwabo ba ya hawa kan ma'aikaci. Ƙa'ida ce a littattafan Malikiyya da muke karantawa a zaure cewa wakili amintacce ne, ba ya biyan lamuni, sai idan ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci, kuma sakacin nan nasa ne shi kaɗai. Shi ne kuma ya jawo wa kansa shiga riba, Allah ya kiyashe mu.

Abin da ya fi damuna shi ne makarantunmu na Islamiyya da na haɗaka, waɗanda ake buɗewa da sunan raya sunna. Sabuwar doka ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara, kuma da yawa daga cikin malaman waɗannan makarantu albashinsu bai kai nan ba. Duk makarantar da take yanke wa irin wannan malami wani abu da sunan haraji a yau, sai ta faɗa mana inda take kai shi. Wadda kuma take da ma'aikatan da albashinsu ya haura, amma ta yi shiru tana jiran ranar da jami'an hukuma za su zo a yi sulhu a bayan ofis, to ta haɗa sakaci da rashawa, alhali da safe ɗalibanta suna karanta babin amana.

Shi ma ma'aikaci kada kunyar ubangida ta hana shi tambaya. Ya nemi takardar albashi kowane wata ya adana, ya nemi lambar harajinsa, sannan a ƙarshen shekara ya nemi shaidar cewa abin da aka yanke ya isa hukuma. Wannan ba rashin ladabi ba ne, domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Kwamitocin makarantunmu kuma su sanya wannan lissafi cikin abin da ma'aji zai karanta a gaban jama'a a taron ƙarshen zango, tare da rasit ɗin hukuma a hannunsa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.